Malam Umara da Daurin Itacen Zainaba

Hana hawan babur da aka yi a Diffa bai zaunar da Malam Umara ba. Kowace safiya sai ya tari motar Gagamari, ya sauka a bakin hanya, ya jira matan 'yan gudun hijira masu dawowa da itacen girki. Ma'aikacin gandun daji ne, kama masu sara aka ɗauke shi yi. Amma shi tambaya kawai yake: "Goggo, yau ina kika kai?" Sai ya ɗiga alama a taswira. Wata bayan wata alamar na ƙara nisa da gari, tana kusantar bakin kogin Komadugu, inda masu bindiga ke tsallakowa. Abokan aikinsa har tsiya suke masa, wai gwamnati na biyan sa hira da tsofaffi.

Da aka zauna tsara shirin raya jiha, an sha maganar hanyoyi da rijiyoyi da noman tattasai. Umara ya tayar da zancen itatuwa, wani babba ya katse shi: "Malam, bari sai lafiya ta samu." Washegari sai ga Umara ya shigo zauren taron da Zainaba, wadda rikici ya koro daga Damasak, da daurin itace a kanta. Ta dire shi bisa tebur, a kan takardunsu.

"Ranka ya daɗe, girkin kwana biyu ke nan," in ji ta. "Mu uku muka je saro shi. Mu biyu muka dawo."

Ba a tashi ba sai da aka rubuta cewa duk inda za a zaunar da jama'a ko a buɗe gona, dole a keɓe filin dashe kusa da su.

Malam Umara, kai ne mai taurin kan da ya yi mana rana. Wallahi ina alfahari da kai. Ga shi watan nan kake ajiye aiki, ba lambar yabo, ba hotonka a bango, amma bana Zainaba ta sari reshe a filin dashen, inda take jin kiran sallar unguwarsu. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku da za ku gaji kujerarsa, ku riƙa fita daga ofis kamar yadda ya yi. Matar da ba ta dawo ba sunanta Hasna, kuma har yau 'ya'yanta na jiran ta.