Tsohon da Ke Kallon Gidan Sailuba

Sailuba tana sayar da gishirin Keana a kasuwar Lafia, kuma kowa a layinsu na Akurba ya san gidanta mai jan ƙyaure. Mijinta Na'Allah, direban babbar mota, shi ya saye shi daga hannun Salihu mai injin niƙa. Shi kuma Salihu, an ce wani ɗan'uwansa ne ya bar masa. In ka tambayi wanda ya riƙe gidan kafin nan, sai tsofaffin layin su kama wata hira.

Da Na'Allah ya rasu, gidan kaɗai ya rage mata, ita da 'ya'yanta mata biyu.

Farkon daminar bara wani tsoho ya fara zuwa da la'asar. Sai ya zauna a gindin mangwaron da ke tsallaken hanya, ya jingine sandarsa, ya zuba wa gidan ido har rana ta yi sanyi. Ba ya ce wa kowa uffan. Sailuba ta hana yaran fita, ita ma ta daina kaiwa yamma a kasuwa. Da ta nuna wa maƙwabciyarta Rabi'a shi ta kafar ƙyaure, sai fuskar Rabi'a ta canza.

"Aondover ne," ta ce ƙasa-ƙasa. "Shi ya gina gidan nan. Lokacin rikici shi da iyalinsa suka gudu Binuwai, ba su sayar wa kowa ba."

Sailuba ta zame ta zauna a ƙasa. Ina za ta nufa da marayu?

Wata Juma'a ya tsallako ya yi sallama. Ta buɗe, ta riga shi magana.

"Baba, da guminsa mijina ya saya. Wallahi ban san komai ba."

"Na sani, 'yata," ya ce da Hausarsa ta kasuwa. "Ba gida na zo nema ba. Matana Ngodoo yana ciki."

Ya wuce tsakar gida yana dube-dube, ya je ya tsaya daidai murhunta.

"Nan muka binne shi. Da akwai lemo a wurin."

Shekara da shekaru a nan Sailuba take tuƙa tuwo. Tsohon ya durƙusa cikin toka, ya yi addu'a da harshensa, ya daɗe kafin ya miƙe. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Ni na haƙura. Amma ɗana Kelvin bai haƙura ba. Ya ce zai zo da lauya."

A ranar ta tashi murhun, ta kewaye wurin da bulo. Tsohon bai sake dawowa ba, Kelvin ma har yau bai zo ba. Amma ko a tsakiyar ciniki take, in wayarta ta yi ƙara ta ga baƙuwar lamba, sai ta ajiye mudu ta yi ta kallon wayar har ta katse.