Turmin da Bai Je Ikko Ba

Kaka ce, an gama yankan gero, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran a zo kanta. Damina ta yi kyau a shekarar, ruwa bai yi gardama ba, bai kuma yi ɓarna ba. Rumbunanmu sun cika har Malam, mijina, ya ari gefen na ƙanensa. Irin shekarar nan ce da za ki ji an yi sallama a zaure gabanki bai faɗi ba. A Bukkuyum har tsofaffi sun yi kumatu.

A cikin wannan sauƙin ne saƙo ya zo daga Ikko, wato Legas. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya daɗe a can yana sana'ar ɗinki. Lokacin wayar hannu ba ta iso mana ba, magana a bakin direbobi take tafiya. Wani direba mutumin Gummi, mai doguwar motar haya da ke kai 'yan kasuwa kudu, shi ya tsaya a ƙofar gida ya isar wa Malam. Yaron ya ce Inna ta zo ta huta. Babu biki, babu suna, babu jinya. In zo kawai in zauna, a dafa a ba ni, a kai ni in ga teku. Har ya riga ya kama mini kujerar gaba, idan wata ya raba tsakiya za a ratso a ɗauke ni. Sharaɗin direban guda ne: jaka ɗaya, wadda zan iya ɗorawa a cinya, domin bayan motar da samanta duk na 'yan kasuwa ne.

Ni tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa fita don hutu ba. Tafiyata ta gaisuwar mutuwa ce ko ta suna, inda kina ajiye mayafi ana miƙo miki muciya. Teku kuwa a ajin yaƙi da jahilci na fara jin labarinsa. Malamarmu ta ce ruwa ne wanda ba a hango ɗaya gaɓar. Matan ajin suka yi ta dariya, don mun san gulbi a tsakiyar damina, kuma komai cikarsa ana hango masu kiwo a ƙetare. Ni ban yi dariya ba. Na ajiye maganar a raina, ban faɗa wa kowa ba.

Malam ya ce ba a tafiya irin wannan sai an yi sallama da dangi, kuma gaskiyarsa. Wadda ta fice ba ban-kwana, ko lafiya ta dawo sai an yi shekara ana yi mata gori. Ni haihuwar Anka ce, yayar Malam kuma tana aure a Gummi. Sai na ga gara in fara zagayen da wuri, in yi shi a natse. Ashe lokacin da na ba kaina, mutane ne na ba lokacin haɗa kaya.

A Anka na fara da Goggo, ƙanwar mahaifina, tsohuwa mai tuyar ƙosai. Tana jin Ikko ta ajiye matsamin ƙosai ta tafa hannu.

"Allah ya kawo ki, ɗiyata! Ai jikana na can. Tun da ya tahi ko saƙon goro ban samu wanda zai kai mashi ba."

Ta sa aka kamo wani jan zakara, ta ɗaure masa ƙafa da tsumma, ta ajiye a gabana.

Na ce, "Goggo, a wane wuri yake a Ikkon?"

"Ikko dai."

"Ai an ce garin da girma."

"Ke dai in kin sauka tasha ki tambaya. Dogo ne, da wushirya. Ki ce jikan mai ƙosai ta bakin kasuwa. Wa ke nan bai san ni ba?"

Na ce to, Allah ya kai mu lafiya. Abin da ake cewa ke nan. A wurinmu ba a mayar da saƙo. Wadda aka miƙa wa ƙulli ta ce ba za ta iya ba, kamar ta ce ne ta fi ƙarfin mai saƙon. Kafin in gama shan furar da aka dama mini, labari ya zaga unguwa. Wannan ta shigo da daddawa, waccan da kuka da busasshiyar kuɓewa, kowace da nata mutumin a Ikko. Wata ma nata a Fatakwal yake. Ta ce ai duk kudu ne, in na je sai in leƙa.

A Gummi yayar Malam ba ta ko tambaye ni ko da wuri a motar ba. Kwandon busasshen kifi ta sa aka ɗora mini, da tabarmi naɗaɗɗu, na wani ɗan mijinta da ta ce yana aiki kusa da gada. Da na dawo gida, Bafillatanar da ke kawo mana nono ta zo da man shanu a ƙwarya, na ƙanenta da ya bi motar shanu bai dawo ba.

Duk wannan ina lallashin kaina. In na tuna wa Malam maganar jaka ɗaya sai ya ce, "Haka direbobi ke hwaɗi kullum. In sunka ga kaya ai ɗaurewa sukai."

Sai ga turmi. Maƙwabciyata ta ƙofar da ke kallon tamu, wadda muka yi zaman shekaru ko murya ba mu taɓa ɗaga wa juna ba, tana da ɗiya da ke auren soja a Ikko. Ɗiyar ta aiko cewa turmin can ɗan mitsitsi ne, ko yaji ba ya dakuwa da daɗi. Uwar ta sa aka sassaƙa mata na ƙirya, irin wanda mata uku ke sussuka a ciki ba su gogi juna ba. Mirgino shi aka yi har zaurenmu, ƙasa na amsawa.

Na ce, "Yaya, anya kuwa?"

Ta ce, "Mi ne abin anya? Ke za ki ɗauka ko mota?"

Zaure ya cika. Warin kifi ya kira duk kyanwar da ke Bukkuyum. Zakaran Goggo ya kwance tsummansa ya kama faɗa da namu, kuma shi ba ya jiran asuba, duk sanda ya tuna Anka sai ya yi cara. Man shanu ya fara tsatsafowa ta gindin ƙwarya ya sami tabarmin Gummi. Malam da kansa ya kwashe buzunsa da littattafansa ya koma gindin darbejiya, in baƙi sun zo ya ce musu zaure ya fi zafi kwanan nan.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, direban ya zo ya ji ko na shirya. Ina daga bayan ƙofa na ji takunsa ya tsaya cik.

"Malam, tashi za ku yi daga garin?"

"A'a, kayan Innarku ne."

"Duka?"

"Saƙonni ne na mutane. Ai ba su da yawa, shimfiɗa su anka yi."

Na yafa mayafi na fito muka gaisa. Ya durƙusa har ƙasa, yaro mai ladabi, amma idonsa na kan turmi. Ya tambaye ni kowane kaya ina za shi. Na fara da zakara, na ce na wani dogo ne mai wushirya, a tasha za a tambaya.

Ya miƙe tsaye, sai na ga kansa ya kusa taɓa azara. Ya washe baki, ga wushirya kamar ƙofar rumbu.

"Inna, an same shi. Miƙo zakaran."

Malam ya yi gyaran murya don kada ya yi dariya, ni kuwa na rufe baki da gefen mayafi.

Direban ya ce, "Inna, tasha a Ikko ba ɗaya ba ce. Gada ma ba ɗaya ba ce. In kinka kwashe Anka da Gummi da Bukkuyum kinka zuba cikin garin nan, wallahi babu wanda zai ji an ƙaru. Ni da nake zuwa kullum, ɗanki kaɗai na sani, shi ma don shi ka yi mani ɗinki."

Sannan ya faɗi abin da nake tsoro. Bayan mota a cike yake, sama a cike. Wurin da ya rage kujerata ce. In an matsa, ƙananan kayan za su shiga nan, ya kai wa yaron ya san yadda zai yi da su. Amma ko kaya ko Inna. Turmi kuwa ko kujerar aka cire ba zai shiga ba.

Malam ya shafa gemu ya daɗe. Na san wannan shafar, ita yake yi in zai yanke hukuncin da ya fi masa sauƙi.

Ya ce, "To, amana ce mun riga mun karɓa. Kayan su tahi bana. Ke kya tahi baɗi, ai Ikko ba gudu za ta yi ba."

Na san baɗi. Baɗi akwai auren autarmu, bayansa haihuwa, bayan haihuwa wankan jego, kuma ban taɓa ganin damina irin wannan ta zo sau biyu a jere ba. Na dubi kwandon kifi, wata baƙar kyanwa na zaune a kansa kamar ita aka kama wa kujerar. Ni ba mai musu da Malam ba ce, bare a gaban baƙo. Muryata ma ba ta fita sosai, sai da ya ce in maimaita.

Na ce, "Cewa na yi, shi yaron, daddawa ya ce a kai masa ta huta, ko ni?"

Direban ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Malam ya dubi tulin kayan. Can ya ce, "To mi za mu ce ma mutane?"

Direban ya juyo yana share ido. "Ku ce ni na hana. Ku ce na yi rashin kunya, na ɗaga murya, na ce ko allura ba ni ɗauka. Kowa zai yarda, mu an riga an san mu."

Aka tsaya a kan haka. Saura wanda zai mayar. Nan muka yi ciniki ni da Malam kamar a kasuwar dabbobi. Ya ce zakara na goggona ne, ni ya kamata in fuskance ta. Na ce ni gobe ina hanya, kuma kifi na yayarsa ne. Ya soma kame-kame, don duk duniya babu wanda yake shakka irin yayar nan tasa, tun suna yara take murɗe masa kunne. Ya ce ko a ci kifin a ce ya isa. Na ce shi malami ne, ya duba littafi ya gani in ya halatta. A ƙarshe ya yarda zai ɗaura na Anka da na Gummi a babur ya kai da kansa, man shanu kuma a jira mai shi ranar da za ta kawo nono.

Ya ce, "Amma turmi naki ne. Ni ba ni shiga tsakanin mata."

Washegari ina idar da sallar asuba na ɗaura zane da kyau, na kwantar da turmin na dinga tura shi da hannu biyu, taɓaryarsa a hammata, har ƙofar maƙwabciyata. Ta fito da tsintsiya a hannu, ta dube ni ta dubi turmi.

Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Direban ya ƙi. Ba ki ga rashin kunyar da ya yi mana jiya ba."

"Ai na ji shi ta katanga yana ta dariya. Marar mutunci!" Ta dafa turmin kamar mai lallashin yaro. "To ke dai za ki?"

"Za ni, Yaya."

Ban taɓa jin magana ta fito mini a tsaye haka ba. Sai ta zare taɓaryar daga hammatata, ta goge ta da bakin zane, ta mayar mini a hannu.

"To ko wagga ki kai mata. Ta san ina sane da ita. Turmin ya biyo baya."

Na buɗe baki, sai na ji ashe a'a ɗaya na tanada, kuma na riga na kashe ta. Motar ta tsaya a ƙofar gida tana hon. Na ɗauko jakata na yi wa Malam sallama, yana tsugune yana fama da ƙafar zakara. Direban ya dubi abin da ke hannuna, ya ɗaga ido sama, ya sauke mini gilashi. Na shiga kujerar gaba, jaka a cinya, gindin taɓarya a tsakanin ƙafafuna, kanta a waje ta taga, na ce masa bismillah, mu tafi.