Tunku

A shekarar da 'yata ta dawo daga karatun dabbobi a Ostareliya, Larabci ya gudu daga bakin Inna. Mahaifiyata kenan, wadda ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Jidda tana 'yar shekara goma, ta tsufa tana sayar da ƙosai a unguwar Balad. Bayan ciwon shanyewar jiki, Hausar ƙauyensu kaɗai ta rage mata. 'Yata kuwa tana tsintar Hausa, amma ba ta iya mayarwa. Laifina ne, ba na kowa ba. Ni na hana ta tun tana ƙarama, wai kada a yi mata dariya a makaranta.

Tsorona ɗaya: Inna ta tafi ba su yi hira ko sau ɗaya ba.

Wata la'asar 'yata ta zauna bakin gadon, ta buɗe hotuna a waya. Ta nuna wata dabba mai kama da ƙaton ɓera, ɗanta ya leƙo daga wata jaka a cikinta.

"Ikon Allah!" in ji Inna. "Goyo a gaba, ba majanyi? Ƙawata, wace ce wannan?"

Na zama tafinta. 'Yata ta ce walabi ce. Ta nuna kwoka, ta nuna bilbi mai dogayen kunnuwa. Ta ce mutanen ƙasar na asali ne suka raɗa sunayen, baƙi suka zo suka ɗauka. Wasu harsunan masu jin su sun kusa ƙarewa, sunan dabbar ne ya rage a bakin duniya.

Inna ta kamo hannun jikarta. Ta ce mata:

"Ce gafiya."

"Gafiya."

"Kurege. Bushiya. Tunku."

Tana faɗa, yarinyar tana maimaitawa da harshenta na Hijaz, Inna na dariya da rabin baki tana cewa, "Kayya, wannan baki kamar an cika shi da dabino!" Na buɗe baki zan fassara, ta harare ni.

"Ke, ya isa. Ba da ke nake ba."

Na ji haushi, wallahi, na kuma ji kunya. Na fita na ɗora shayi, na bar su har magariba.

Inna ba ta kai watan gaba ba. Allah Ya jiƙanta.

Ranar bakwai, masu gaisuwa sun watse, 'yata ta zo da wata takarda da ta rubuta sunayen da haruffan Larabci. Ta samo hoton gafiya, da kurege, da bushiya. Ta sa yatsa a kan na ƙarshe, ta haɗa Hausarta da ƙyar.

"Umma, tunku... yaya yake?"

A Jidda aka haife ni. Shekara hamsin ina jin kalmar a bakin Inna, ban taɓa tambayarta ba.

Na ce, "Ban sani ba."