An Duba Ruwa? Shekara Tara Bayan Yaya Inusa

A wannan wata ne Yaya Inusa ya cika shekara tara a ƙasa. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Direba ne kuma makanike, ko fita kamar yadda muke cewa a nan Accra. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan sayi goro da ƙosai in kai masallacin lungunmu a yi masa addu'a, in koma shagona in ci gaba da taka keke, don ni tela ne. Bana na ga ya kamata in rubuta wani abu, saboda sai bana na san abin da ya bar mana a ƙofar gida, kuma na sha wuya kafin in sani.

Abin da ya bari a-kori-kura ce, tsohuwa tukuf, ƙirar Faransa. Da ita ya yi ta jigilar doya da albasa daga kasuwar Agbogbloshie zuwa unguwar Malam, da ita ya ciyar da gida, da ita aka kai wa rabin amaren unguwar Maamobi kayan ɗakinsu. Tun ranar da ya kwanta ciwon ajali take tsaye a lungunmu, tayoyi sun lotsa, kaji sun mai da bayanta ɗakin kwana, mata suna shanya a kan bonet. Ba wanda ta dama sai mai wucewa da kaya a ka. Farkon shekarar nan hukuma ta zo za ta faɗaɗa kwatar lungun kafin ruwa ya sauka, aka shafa wa motar jan fenti, aka ce ko mu kawar da ita ko a kawar mana. Kafin la'asar masu sayen tsohon ƙarfe, 'yan kondam, sun fara zagaya ta suna ƙwanƙwasa ƙofofinta kamar masu taya rago.

Hajiya Memuna, matar marigayin, tana soya ƙosai a bakin ƙofa tana kallonsu. Ta ce da ni, "Gariba, mota nan ya gaji. Mai shi ya tafi ya huta, ka bar shi ma ya huta. Su ɗauka mu samu hanya." Na ce mata motar Yaya ba za ta fita lungun nan gunduwa-gunduwa a kan kura ba, da ƙafarta za ta fita. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wa zai tuƙa, kai?" Tana da gaskiyar yi mini dariya, domin shekara talatin rabona da sitiyari.

Dole in faɗi dalili, ko da yake ba na son tuna shi. Ina saurayi Yaya ya tattara gumin shekarunsa ya sayi ƙaramar bas ta haya, irin da muke kira trotro, ya damƙa mini. Abu ɗaya ya ce in kiyaye: kullum da safe kafin in tayar, in buɗe lagireto in duba ruwa. Na kiyaye wata biyu, daga nan na ga na zama gwani. Wata rana da tsakar rana, mota cike da fasinja, inji ya ɗauki zafi a mahaɗar Malam, tururi ya tashi, fasinjoji suka fara zagi. Don in rufe bakinsu na sayi bokitin ruwan ƙanƙara wajen wata mai talla na sheƙa wa injin. Na ji ƙas! Ƙarfen ya tsage a gefe, tsayin taki guda, ƙarshen tsagar ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Na tsuguna ina kallon wannan tsaga har Yaya ya iso. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Aka ja motar, bayan kwana biyu ya ce mini an sayar wa 'yan kondam. Ni kuma na je na koyi ɗinki.

Tun daga lokacin, duk safiya idan na fito zan tafi shago, in same shi ya ɗaga bonet ɗin a-kori-kurarsa, bayan gaisuwa sai ya ce, "Gariba, an duba ruwa?" Shekara ashirin da ɗaya yana faɗin haka. Ni kuwa gori na ɗauke shi. Nakan ce "an duba" in wuce da sauri, wani lokaci ma in zagaya ta bayan gida don kada mu haɗu. Har ya koma ga Allah ban taɓa zama na yi hirar mota da shi ba, ban kuma taɓa leƙa cikin bonet ɗin nan ba.

To, bana na leƙa. Fita na farko da na kira ya ce fistin sun kafe, sai an cire kan inji an jiƙa su da kananzir da baƙin mai. Aka cire. Gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ya fito a marmashe kamar tsohon biskit, ko abin da zan ɗora a takarda in zana ban samu ba. Aka ce in je Abossey Okai, kasuwar kayan mota, in sayo sabo. Na ɗauki takardun motar na tafi, aka ba ni na injin da takarda ta ce. Da muka ɗora, ko huda ɗaya ba ta zo daidai ba. Ashe injin fetur na asali ya daɗe da barin motar, wanda ke ciki na gas ne, ƙirar Japan, an yanka faranti da hannu an haɗa shi da akwatin giya. Inda ake buga lamba a jikin inji kuwa tsatsa ta cinye shi sumul.

Daga nan na shiga yawo. Wanda ya ga murfin sama ya ce injin kaza ne, wanda ya ga famfon mai ya rantse na wata motar ce dabam, domin Yaya bai bar komai yadda ya same shi ba, duk abin da ya lalace yakan nemo wanda ya yi kama ya sassaƙa shi har ya zauna. Injinan Japan irin wannan kuma 'yan uwa ne, kamanninsu ɗaya, bakin silinda ne ya bambanta da ɗan abin da bai kai kaurin farce ba. Sau uku ina sayo gaskit, sau uku ina mayarwa. Ni da na san ba a yanka yadi sai an auna mutum, ga ni ina ɗinka wa wanda ban san ƙirarsa ba. Na gaji, wallahi na gaji. Gwiwoyina sun daina son hawa trotro, ɗinkin mutane ya taru a shago, ga hadari ya fara haɗuwa ta gefen teku.

Abin da ya fi ci mini rai, amsar tana nan a da, ni na binne ta. Yaya bai yi boko ba, amma duk abin da ya canza a mota yakan tsoma tsinke a baƙin mai ya rubuta da ajami a bangon zaure. Da ya rasu, kafin addu'ar kwana arba'in, muka yi abin da kowane gida ke yi a Zango idan baƙi za su taru: muka yi wa gida fenti don kada a ce iyalan mamaci ƙazamai ne. Ni na riƙe burushi, ni na bi bangon nan har sau biyu, ina jin daɗi na rufe ƙazanta. Man yakan ɓullo ta cikin fenti duk bayan shekara biyu, in sake rufewa. Bana na kawo limaminmu ya duba tabon da ya rage, ya sa tabarau ya cire, ya ce ba abin da ke karantuwa. Da na sani ƙeya ce.

Sau da yawa ina zaune a gindin motar nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga zamanin nan. Fitocin yanzu ba sa kasa kunne. Ɗaya ya zo ya ɗauki hoton injin da waya, ya jira waya ta faɗa masa, da ta kasa sai ya ce injin ne ba shi da asali. Ba na ganin laifinsu, motocin da ke zuwa musu na'ura ake jona musu su faɗi ciwonsu, kuma ba a gyara, cirewa ake yi a sa sabo. Doyar da Yaya ke ɗauka yanzu babura masu ƙafa uku ke kwasa, 'yan albasa ma an tashe su daga inda ya san su. Ina jin ba zai yi dogon surutu ba, don ba halinsa ba ne. Zai girgiza kai ya faɗi abin da ya saba faɗa idan aka ce ya yar da wani ƙarfe, cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A lokacin na ɗauka maganar ƙarfe kawai yake yi.

Saura kwana tara ma'aikatan kwata su iso lungunmu na je Malam na roƙo Wofa Kwaku, tsohon fita ne Ba'ashante, abokin Yaya, wanda ya ajiye sana'a saboda ciwon baya. Bai tambayi takarda ba. Ya ce a kawo kananzir da tsumma, a kwance bututun salansa, ya zauna a kan benci yana wanke gefen injin a hankali, daskararren mai na shekaru yana zuba. Can sai ya tsaya, ya bi wani wuri da yatsa. Ya ce, "Ei, Gariba, zo ka gani. Wanda ya yi walda nan ya yi haƙuri sosai paa. Ƙarfe nan ba ya shan walda koraa, ko kaɗan, in ya fashe yar da shi ake yi. Wannan hannun Inusa ne."

Na sunkuya. Ɗinki ne na walda, ɗigo-ɗigo a jere, ya fi ɗinkin hannuna kyau. Tsayin taki guda. Ƙarshensa ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Na zauna a ƙasa cikin mai da kananzir. Na gaya wa Wofa sunan bas ɗin da injin ya fito daga cikinta da ƙirarta, domin ba wanda ya fi ni saninta a duniya.

Hajiya Memuna tana jin mu daga bakin kasko. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "To, injin ka ne mana." Na ce, "Hajiya, kin sani kika bar ni ina ta gantali wata uku?" Ta ce, "Ka tambaye ni? Ka je Abossey Okai, ka je Kanda, ka je Malam, ni ina nan zaune. Ku maza kun ce mace bai san mota ba." Kaza ta kwana a kan dami ke nan. Ta juya ƙosanta, sannan ta ƙara da cewa gangar bas ɗin kawai ya sayar, injin ya ɓoye a garejin wani, ya yi watanni yana ɗinke shi kaɗan-kaɗan. "Ya ce kar a faɗa maka. Ya ce wata rana kai da kanka za ka ji kukan shi ka gane, ka dawo sitiya."

Shekara ashirin da ɗaya injin nan yana tashi a ƙofar ɗakina kowace safiya, ni kuwa ina toshe kunne ina zagayawa ta bayan gida. Ban gane ba. Na yi kuka a gaban matar wana da abokinsa, kuma ba na jin kunyar rubuta haka.

Gaskit na huɗu ya zauna kamar an auna. Saura kwana biyu aka ɗaura batir, injin ya yi tari, ya ƙi, ya sake tari, sannan ya kama, hayaƙi ya turnuƙe lungu har Hajiya ta rufe kaskonta tana faɗa. 'Yan kondam biyu na tsaye a bakin kwata, suka ja kurarsu suka yi gaba. Wofa ya buɗe mini ƙofar direba ya tsaya. Ba ni da lasin, idona ma ba na da ba ne, saboda haka daga ƙofar gida zuwa bakin titi kawai na kai ta, tafiyar da ba ta fi taku ɗari ba, sau biyu tana mutuwa a hannuna. Yanzu tana ajiye a filin bayan masallaci.

Ba zan yaudari kowa ba, motar nan ba za ta sake ɗaukar doya ba. Bodinta ya ruɓe, birki sai addu'a, kuma bayan raina na san 'yan kondam za su samu abin da suke jira. Yaya bai bar gida na kansa ba, bai bar suna a jikin wani gini ba, rubutunsa ma ƙaninsa ya shafe. Idan na auna abin da ya rage nasa, ɗinkin walda ne taki guda a wurin da ba mai gani, da tambaya ɗaya da na ɗauka gori ce alhali kira ne. Allah Ya jiƙansa, Ya ɗinke masa nasa kurakuran kamar yadda ya ɗinke nawa bai faɗa wa kowa ba.

Kullum bayan na fito daga sallar asuba nakan bi ta filin, in ɗaga bonet, in buɗe lagireto, ko da ba inda za mu je. Masu wucewa suna ganin tsohon tela yana magana shi kaɗai, wasu suna dariya. Kalma uku ce kawai nake faɗa, na makara da su shekara talatin: an duba, Yaya.