Hannun Tudora da Wuyan Nastase

A ƙauyenmu da ke gindin duwatsu, can sama da garin Buzau, babu wanda bai san hannun Tudora ba. 'Yar kawuna ce, don haka ina da ikon faɗa: wannan ba hannu ba ne, ƙirgi ne aka dasa wa yatsu. Tun tana yarinya take tsinkar urzika, ciyawar nan mai harbi da ke tsirowa a gindin shinge da zarar ƙanƙara ta narke. Kowa sai ya sa safar hannu ko ya naɗe tsumma. Ita kuwa damƙa take yi kamar mai tsinkar alayyafo. An ce kudan zuma ya taɓa harbinta a tafin hannu, shi ne ya koma gida yana ɗingishi.

Da wannan ciyawa ta riƙe gida. In babban azumin kafin Ista ya kama, aka ajiye nama da madara, a gidanta za ka sha miyar urzika da tafarnuwa a kan tuwon masara. Saura ta kai kasuwa. Haka take yi har Lahadin Furanni, saura mako ɗaya Ista, ranar da muke cewa urzika ta yi aure, daga nan ba a ƙara cinta sai baɗi.

Mijinta Nastase a injin yanka katako ya ƙare ƙuruciyarsa. Mutum ne da in ya yi magana ranar Litinin, sai Alhamis za ka ji ƙarashenta. Allah kuma ya ba shi wuya fari mai laushi kamar na jariri.

Da 'yarsu da mijinta suka tafi Italiya neman aiki, sun tafi da yarinyarsu Ilinka, amma motar ta ƙi ɗaukar dabbobi. Sai yarinyar ta bar wa tsofaffin zomonta da ɓeran Masar ɗinta. Nastase ya raɗa wa zomon Kanar saboda gashin baki. Ɓeran kuwa ya sa masa Sanata, don ba ya komai sai ci da ƙorafi.

Ranar tafiya Ilinka ta riƙe gefen zanen Tudora ta ce, “Kaka, ba na miya ba ne fa.”

“Wa zai ɓata tukunya da wannan ƙullin gashi? Tafi abinki, yadda kika bar su haka za ki same su.”

Duk bazara Tudora kan rataya damin urzika a ƙarƙashin rumfa ta yi yaushi, don in ta yi yaushi sosai harbin yakan mutu, dabbobi su ci lafiya. Da safe ta sauko da dami, ta shafa da hannu, ta ce ya yi. A hanyarta ta zuwa keji takan bi ta bayan Nastase yana shan shayi, ta shafa masa ganyen a wuya don tsokana. Wata rana ko motsi ba ya yi. Wata rana kuwa ya zabura, ya ƙwace damin, ya mai da shi rumfa, ya ce, “Tsohuwa, yau an ci ki tara. Ba su busasshiyar ciyawa.” Ta yi ta dariya tana ce masa rago mai fushin banza.

Kafin Kirsimeti Nastase ya zauna a benci zai cire takalmi. Ɗaya kawai ya cire. Aka binne shi cikin ƙanƙara, Tudora ta ɗaura baƙin kallabi, gidan ya ƙara shiru, ko da yake da ma ba shi ke yin hayaniyar ba.

Bazara ta dawo, Ilinka ta yi waya cewa za su zo Ista. Tudora ta tsinko urzika ta rataya. Kwanakin kuwa na ruwa ne, iska ta jiƙe, ganyen ya langwaɓe a ido kawai. Ta sauko da dami, ta shafa, hannunta ya ce ya yi. Ta bi ta bayan benci kamar yadda ƙafarta ta saba, ta wuce, ta zuba a keji.

Kanar ya sansana ya koma lungu. Sanata kuwa, da bai taɓa tambayar abinci daga ina ya fito ba, ya afka. Bai yi nisa ba ya ja da baya yana goge baki da ƙafa. Zuwa rana leɓensa ya kumbura. Ta miƙa masa karas, ya kau da kai. Washegari ma haka, ya takure, gashinsa a tsaye, babu ko kukan nan nasa da ke tashin matattu in ya ji motsin ƙofa.

Maƙwabciyarta Fanika ta leƙo ta shinge. Ita ce mai kiwon zomaye da yawa a layin.

“Yaya Tudora, ina Sanata? Yau ban ji jawabinsa ba.”

“Ya ƙi ci.”

Fanika ta shigo ta duba, fuskarta ta sauya. “Irin waɗannan in cikinsu ya zauna wayam, tafiya suke yi. Me kika ba shi?”

“Urzika ce. Ta yi yaushi, na taɓa da hannuna.”

Fanika ta kai yatsa kan ragowar damin, ta janye da sauri tana yarfewa. “Da wane hannun? Wannan da kike juya garwashi da shi? Ai wannan ganye da ransa.”

Tudora ta tsaya tana kallon tafin hannunta. Daga nan ta dubi bencin. Ta tuna safiyoyin da ya zabura, da waɗanda bai zabura ba, da yadda kullum yake sauke kwalar rigarsa in ya ji takunta, ko ana sanyi. Ashe duk wannan lokaci wuyansa ne ke gwada mata ganyen. 

Likitan dabbobi na garin da ke ƙasa ya ce mata ta waya kada ta jira Sanata ya nemi abinci da kansa, ta riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan. Sai ta daka busasshiyar ciyawa a turmin tafarnuwa bayan ta wanke shi kamar za ta cire masa fata, ta dama da ruwa da gurzajjen karas. Ta naɗe Sanata a tsohuwar hular Nastase, ta ɗora a cinya. Yatsun da ke iya murɗe wuyan bijimi suka koma lallaɓa bakin da bai kai ƙwayar wake ba. Ta bar kasuwa, ta bar urzikarta a gindin shinge mata suna wawasa. Da Ilinka ta kira ta ce a sa mata Sanata ta ji muryarsa, Tudora ta ce, “Yana jinya, 'yar nan. Ina kula da shi.” Yarinyar ta ce, “Kin ce yadda na bar su.” Tudora ta ce, “Na ce.”

Ranar Asabar, jajiberin Lahadin Furanni, ta buɗe ƙofa da safe, sai ta ji wata 'yar ƙara siririya daga cikin hula. Ta miƙa ganyen latas. Ya ja da kansa, ya tauna, ya nemi ƙari.

Akwai damin ƙarshe na shekara a rumfa. Ta sauko da shi, ta tsaya a bayan benci, ta jima. Sai ta tsinki ganye ɗaya ta manna a leɓenta. Hawaye ya zubo mata nan take. Ta mai da damin inda yake, ta ce a hankali, “An ci ni tara, tsoho.”

Washegari ta shiga coci da reshe a hannu kamar kowa, leɓe kamar an hura balan-balan. Fanika ta matso ta raɗa mata, “Yaya, ko shekara ba a yi ba, wa ya cije ki?”

Tudora ta gyara kallabi ta ce, “Aikin Nastase na gada. Matsa, ana addu'a.”