Shafin Jami'a a Lokacin Hutu

Shekarar da aiki ya mayar da mijina Kumasi, ni aka ba gyaran shafin farko na jami'armu a intanet. Ofishina yana can ƙarshen baranda, sai wanda ya ɓata hanya yake leƙowa. Ga shi ana dogon hutu. Kullum da safe in hau yelo-yelo, keken hayan nan mai ƙafa uku, daga unguwar Kanvili, in sayi shinkafa da wake a bakin ƙofa, in ci ni kaɗai a gaban kwamfuta.

Manya ba sa zuwa, takarda suke aikowa. Wannan yana so hotonsa ya fito babba, wancan yana so jawabinsa ya hau sama. Na jera su duka, shafi ya cika maƙil kamar allon sanarwa.

Rannan mai abincin, wata dattijuwa 'yar unguwar Aboabo, ta tsayar da ni.

"'Yata, an ce ke ce mai intanet ɗin nan. Jikata tana son karatun jinya. Kwana uku muna dannawa, ba mu ga inda ake neman shiga ba."

Ta miƙo mini wayarta mai tsagaggen gilashi. Muka tsaya a rana muna jira, hoton shugaban jami'a yana saukowa kaɗan-kaɗan, hula tukuna, sannan goshi. Kunya ta rufe ni.

"Mama, ki ba ni sati biyu," na ce.

Na koma na kwashe kusan komai, na sa wurin neman shiga a sama, da manyan haruffa. Saura hoton ɗalibai. Na zaga makarantar da kyamara, ba kowa sai awaki a filin ƙwallo. Dole na ɗauki hoton wani benci a gindin dalbejiya.

A taron kwamitin da zai amince da shafin, shugabansu ya dubi hoton bencin ya ce, "Madam, ina mutanen?"

Na ce suna hutu. Aka yi dariya, aka maye gurbinsa da hoton ɗaliban wata ƙasa. Sauran aikin dai suka bar mini shi yadda na yi.

Ranar da shafin ya fito na garzaya bakin ƙofa. Wata ce daban a kan tukunya. Ta ce dattijuwar ta tafi Yendi jinyar ƙanwarta, ba a san ranar dawowarta ba.

Da aka dawo hutu, nakan tsaya a taga ina kallon sababbin 'yan jinya suna wucewa. Ban san fuskar jikar dattijuwar ba, ko sunanta ban tambaya ba.