Ranar da Aka Share Maƙabartar Baƙi

Duk ɗan Nijar da ya kwana biyu a unguwar bayan kwari, a Tamanrasset, can ƙetaren hamada, ya san Khamisu magini, ko da gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba. Mutumin Tasawa ne. Ya shigo garin yana saurayi, da niyyar cin rani ɗaya ya koma, ga shi furfura ta cim masa a nan. Gini ne abincinsa, amma ba da gini aka san shi ba. Idan baƙo ya rasu ba shi da kowa, lebura ne da ya faɗo daga bene ko matafiyin da hamada ta gama da shi kafin ya iso, ƙofar Khamisu ake bugawa. Sai ya saɓi diga da felu, ya nufi gefen maƙabarta da aka bar wa baƙi, inda ƙasa rabinta dutse ne. Babu wanda ya ɗora masa wannan aiki, babu kuma wanda ya taɓa yi masa tayin karɓarsa.

Khamisu bai shiga lekkol ba, wato boko, allonsa ma bai yi nisa ba. Saboda haka ya yi wa kansa dabara. Duk wanda ya rufe, sai ya ɗauki wani abu daga cikin kayansa ya danne da dutse a wajen kai: murfin butar shayi, guntun tayil shuɗi, takalmin roba ƙafa ɗaya, kwanon da aka ci tuwo a ciki har ya huje. Da ya dubi abin, sunan mamacin zai faɗo masa tare da garinsu. In dangi suka bugo waya daga gida, yakan amsa ba gargada: "Yana nan, kusa da ɗan Matamai."

Shekara da shekaru yana roƙon ƙungiyar unguwa a yi gayya a gyara wurin. Katanga ta zube, awaki suna ratsawa, iska tana tara ledoji a kan bayin Allah. Amsar ba ta sauyawa: "In sha Allahu bayan Sallah." Sallar ta zo ta wuce, wata ta biyo ta.

Cikin waɗanda ya rufe akwai Tasi'u, saurayi ɗan Mirya, wanda zazzaɓi ya ɗauka bai daɗe da zuwa ba. Alamarsa ƙaramar tocila ce marar gilashi. Mahaifiyarsa, Kande, ta ji labarin cewa a wannan ƙasa mata suna shiga maƙabarta ranar Juma'a, abin da ba a saba ba a garinsu. Ta bugo wa Khamisu, ta tambaya ko gaskiya ne.

"Gaskiya ne, baiwar Allah," in ji shi. "Duk ranar da kika zo, ni zan kai ki har kansa."

Ana nan sai wani aikin katanga ya kai shi garin In Ekker na wasu makonni. A bayansa Alhaji Sharifu, mai shago a Kasuwar Assihar, wanda aka naɗa sabon shugaban ƙungiya, ya tara samarin unguwa. Niyyarsu kyakkyawa ce: a faranta wa dattijo rai kafin ya dawo. Suka ɗaga katanga, suka share wurin tas, suka kwashe duk tarkacen da suka tarar a kan kaburbura cikin buhuna, mota ta kai juji. Duwatsun da suke a karkace suka jera su sahu-sahu, suka shafe su da farar ƙasa. Hotuna suka zagaya wayoyi har Maraɗi, kowa yana sa albarka.

Da Khamisu ya sauka, da shayi aka tarbe shi da sabon rawani, aka rako shi wurin kamar ango. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi farin sahu daga wannan bango zuwa wancan, kowane dutse kamar ɗan'uwansa.

"To, Baba Khamisu, yau gori ya ƙare," in ji Alhaji Sharifu yana dariya. "Ko har yanzu mu ne 'yan bayan Sallah?"

"Alhaji, ina kayan da ke kan kaburburan?"

"Wane kaya? Tarkacen nan? Har da takalmi ƙafa ɗaya, wallahi, sai ka ce bolar kasuwa!"

Samari suka bushe da dariya. Wa Khamisu zai zarga? Bai taɓa gaya wa kowa ma'anar abubuwan ba, domin babu wanda ya taɓa rako shi ya tsaya har ya tambaya. Ana gama sallar gawa kowa yake kama gabansa, a bar shi da felu. Ya je jujin, ya tarar an cinna masa wuta. Ko da ya tsinci tocilar, a kan wane dutse zai mai da ita? Kwana da kwanaki yana zagaya sahun shi kaɗai. Na bakin bango ya gane su, tsofaffin ma haka. Na tsakiya kuwa, inda samarin 'yan shekarun nan suke kwance, sun shige masa duhu.

Kande ta iso bayan damina, a motar 'yan kasuwa, ƙafafunta a kumbure. Da Alhaji Sharifu ya fahimci abin da ya faru, ya ja Khamisu gefe, kunya ta rufe shi.

"Baba, don Allah ka rufa mana asiri. Nuna mata kowanne. Ƙasa duk ta Allah ce, addu'a ba ta ɓatan hanya."

"Addu'a ba ta ɓata, Alhaji. Ni ne zan ɓata. In kai uwa kan ɗan wata, in ce mata ga naki?"

Da hantsin Juma'a Khamisu ya shige gaba, Kande tana biye da shi, har tsakiyar maƙabartar. Ya tsaya, ya gaya mata komai, bai rage ba, bai kuma ambaci sunan kowa ba. Sa'an nan ya miƙa hannu.

"Tsakanin wancan dutse da wannan yake. Iyakar abin da na sani ke nan."

Kande ta bi duwatsun da ido, ɗaya bayan ɗaya, ta dawo ta sake bi. Ta ɗan durƙusa kusa da ɗaya, ta fasa, ta miƙe. Ba ta yi kuka ba.

"Malam Khamisu," ta ce, "da ka nuna mini ɗaya ka yi shiru, da na koma gida da sanyin zuciya. Wa zai gaya mini? Gaskiyar nan taka, kai ta yi wa amfani."

Ta gyara mayafinta ta juya. Ya bi ta a baya har bakin titi. Washegari ta hau motar Agadas, ba ta aiko masa da sallama ba.